Ɗalibaina suna cin jarrabawar gaskiya da riƙon amana, amma a aikace sai a hankali

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati, ni ke riƙe da ajin JSS 2 mai yara 74 maza da mata kuma ni nake musu darasin sibik, wato ilimin zama ɗan ƙasa nagari. Kwanaki na yi musu tes a kan gaskiya da riƙon amana, kusan kowa ya ci, amma a cikin tes ɗin nan na kama mutum biyar da satar amsa. Bayan sati biyu kuma yaron da ya fi kowa maki aka kama shi ya haura katanga da abokansa sun tafi gidan gem ana tsakiyar karatu. Na yi nasiha, na yi bulala, na kira iyaye, kwana biyu sai a koma gidan jiya. Dan Allah ya ake koya wa yara masu wannan shekarun su dinga tunani kafin su aikata abu?

AMSA

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban yara 74 'yan shekara 12 zuwa 14 da alli a hannu ya san ba ƙaramin aiki kike ba.

Abin da nake so ki fara cirewa a ranki shi ne wai yaran nan ba su san daidai ba ne. Wallahi sun sani sarai, tun suna firamare ake faɗa musu a gida, ana faɗa musu a islamiyya, da yawansu ma za su kawo miki hadisin "wanda ya ha'ince mu ba ya tare da mu" da ka, ga kuma sibik ɗin da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta sa a manhajar shekara tara ta UBE, wato daga firamare zuwa JSS 3, da aka fara aiki da ita a 2008. Sani kam ya wadata. Inda matsalar take ɗan wani lokaci ne da bai fi ƙiftawar ido ba, lokacin da aboki ya zungure shi ya ce "kai taso mu fece, ko tsoro kake ji?" sauran kuma suka zuba masa ido suna jira. A nan ake faɗuwa, kuma nan ɗin ne ba ma koyarwa.

Akwai dalili a jikin yaron kansa. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke taka wa mutum birki ya sa shi hangen abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali ɓangaren da ke son daɗi da son a yaba masa yana tashi da ƙarfinsa tun farkon balaga. A 2005 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a jami'ar Temple ta Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, in danja ta nuna ruwan ɗorawa kai za ka zaɓa ka tsaya ko ka kutsa. Yara 'yan 13 zuwa 16 in su kaɗai ne suna tuƙi da hankali, amma da aka zaunar musu da sa'anninsu biyu suna kallo sai kasadar da suke ɗauka ta kusa ninkawa, manya kuwa kallon bai wani canza su ba. Kinga yaron naki mai cin tes ba munafunci yake ba, shi ɗin ne dai, amma shi kaɗai da takarda daban, shi a tsakiyar abokai daban. Shi ya sa in kin tambaye shi me ya kai ka sai ya sunkuyar da kai ya ce "ban sani ba", mu kuma mu ɗauka rainin hankali ne, alhali sau da yawa iya gaskiyarsa kenan.

Toh tunda ba a fafe gora ranar tafiya, sai a yi musu atisayen wannan lokacin tun kafin ya zo. Ni abin da na daɗe ina yi, minti goma na ƙarshen darasi sau ɗaya a sati, in rufe littafi in kawo musu labarin da ya yi kama da rayuwarsu. Misali an aike ka cefane da dubu biyu canjin 150 ya rage kuma Umma ba ta san farashin ba. Ko ƙawarki ta kusa ta ce ki ɗan karkato mata takardarki a jarrabawa, in kin ƙi ta daina miki magana. Ko a majalisar unguwa wani babban yaro ya miƙo maka kwalbar lemo ka san an zuba wani abu a ciki. Kar ki tambaye su wanne ne daidai, duk ajin zai amsa miki baki ɗaya kaman karatun allo. Ki fito da mutum uku gaban aji, biyu su matsa ɗaya ya ƙi, ki ce wa masu matsawar su matsa da gaske da irin kalaman da suke yi a waje, ustazu, baƙauye, ɗan Umma, matsoraci.

Ranar da na fara wannan a wani aji na maza, yaron da na sa ya ƙi ko minti ɗaya bai yi ba ya ƙame, bakinsa ya mutu, ya juyo yana kallona yana murmushin kunya, kuma yaro ne mai ƙoƙari wanda bai taɓa ba ni matsala ba. A nan na gane bai da kalmar da zai faɗa ne kawai, ba wanda ya taɓa ba shi ita. Na ce ajin su taimaka masa, sai suka fara kawo ƙarya, ka ce babanka na jiranka, ka ce cikinka na ciwo, na ce a'a a samo wadda ba ƙarya a ciki. Can wani daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce "Malam ai in ka tsaya bayani sun gama da kai, kawai ka ce ban da ni ka tashi daga wurin." Wani ya ƙara da cewa in ku biyu ne kuka ƙi ba a cika takura muku ba. Wannan maganar tasu ta fi duk abin da na shirya faɗa a ranar, kuma da yake daga bakinsu ta fito sun riƙe ta, har na ji suna tsokanar juna da "ban da ni" lokacin tara.

In za ki ba su ma'auni kar ya yi yawa, biyu sun isa. Wanda na fi ganin amfaninsa suna da shi a haddace, hadisi na 27 a Arba'una, cewa zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a zuciya kuma ba ka son mutane su gani. Sai ki mayar musu da shi tambaya, in Umma ta leƙo yanzu zan ɓoye? Ɗayan kuma daga saurayin nan ne da ya zo wajen Annabi (SAW) yana neman a yi masa izinin zina, sahabbai suka taso masa, Annabi ya ce ya matso kusa, ya zaunar da shi yana tambayarsa ko zai so a yi wa mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, yana cewa a'a wallahi, sannan ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a. Ki lura Malama, tambaya aka yi ta yi masa har ya kai ga amsar da bakinsa. Mu kuwa amsar muke ɗura musu mu ce su maimaita.

Sai wani abu da mu Hausawa sai mun yi haƙuri mun duba kanmu a kai. Yaro tun daga kayan sallarsa har zuwa ko ajin kimiyya zai shiga ko na at (arts) in ya gama JSS 3, duk wani ne ke zaɓar masa, in ya buɗe baki a ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, sannan rana ɗaya a wayi gari ana so ya zama mai yanke shawara. Gaskiya ne abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma in ba a taɓa ɗaga shi an nuna masa inda ake kallo ba yaushe zai fara hangowa? Ki ba su zaɓi na gaske a ƙananan abubuwa da ko sun yi kuskure ba asara mai yawa, su tsara jadawalin shara da kansu, su zaɓi monita da ƙuri'a, su zauna su rubuta dokokin aji guda biyar da abin da za a yi wa wanda ya karya. Za ki sha mamaki, hukuncin da za su yanke wa kansu sai kin rage masa zafi.

Kuma amana kar ta tsaya a hannun yaran kirki kaɗai. Na taɓa damƙa wa wani yaro da duk malamai suka sallama kuɗin da ajin ke tarawa na tsintsiya da dasta, da ɗan littafin rubuta wanda ya bayar. Abokan aikina suka ce na ba kura ajiyar nama. Sati uku lissafi na fita daidai, a na huɗu ya tsaya bayan an tashi yana ta murza hularsa a hannu, ya ce "Malam na taɓa kuɗin nan, 200, awara na saya." Ban ƙwace littafin ba, ban kuma kai shi ofishin firinsifal ba, na ce ya za ka biya, ya ce zai dinga cire 20 kullum daga kuɗin tararsa, kwana goma ya cike, shi ya riƙe littafin har ƙarshen zango. Da na zane shi a ranar, abin da zai ɗauka shi ne kuskurensa faɗar da ya yi.

Wannan ne ma ya sa ni ban yarda da bulala a wannan fannin ba. Tana tsayar da abu a gabanki, amma abin da take koya wa yaro shi ne ya ƙware wajen kar a kama shi. Wadda ta fi ta muni ita ce a fito da yaro gaban asambili a sa a yi masa ihu. Baturen nan Kirk-Greene da ya yi aiki a Adamawa da Zariya, da ya tattara siffofin da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su a 1974 ya lissafa guda goma, a ciki harda kunya da mutunci, kuma yaro ɗan 13 mutuncinsa a idon sa'anninsa ya fi masa komai. In kin zubar masa da shi a makaranta zai je ya nemo shi a wurin da za a ba shi, kuma 'yan daba da masu ƙwacen waya suna bayarwa kyauta. Hukunci ya zama gyaran abin da ya ɓata ne, wanda ya saci amsa a soke ya sake rubutawa shi kaɗai a gabanki, wanda ya fasa taga ya zo da mai gyara ya tsaya a kai har a gama.

Akwai kuma wadda ta fi ciwo, mu malamai. Yaron da ya ga an karɓi kuɗi lokacin jarrabawar BECE ta kammala JSS 3 an rubuta wa yayyensa amsa a allo, ko ya ga malamin da ke tsare get yana dukan 'yan makara shi kansa sai ƙarfe tara yake zuwa, me sibik zai gaya masa? Ba ki da iko da duk makarantar, na sani, amma ajinki naki ne. Ranar da kika yi kuskuren maki ko kika hukunta wanda bai da laifi, ki tsaya gabansu ki ce na yi kuskure ku yi haƙuri. Da yawansu ba su taɓa jin babba ya faɗi haka ba.

Sai dai ki bambance, ba komai ne matsalar yanke shawara ba. Yaron da kika ga yana yawan barci a aji, ido ja, magana na jan baki, kar ki tsaya atisaye, duk da gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin tun 2018 ƙwayoyi irin su tiramadol suna yawo a unguwanni, wannan sai iyaye da malamin ba da shawara da asibiti. Haka yarinyar da wani babban mutum ke ba kuɗi ko waya, ba ita za a ɗora wa laifin zaɓi ba, kariya take buƙata, a sanar da shugaban makaranta da iyayenta cikin sirri.

Shi kuma mai haura katangar, ki kira shi shi kaɗai, ba a ofishin malamai ba inda kowa zai sa baki. Kar ki ce me ya sa, ki ce ya ba ki labarin ranar tun daga farko, wa ya fara kawo maganar, shi a ina yake zaune, a daidai ina ne ya ji a ransa cewa bai kamata ba, dan kusan kullum akwai wannan wurin kuma suna tuna shi. In ya nuna miki sai ki tambaye shi me zai iya faɗa a nan in an sake, ki bar shi ya nemo da kansa ko zai yi shiru na minti biyu. In kun fara atisayen a aji, shi za ki fara ba matsayin mai matsa wa wani, ya san kalaman da aka yi masa amfani da su fiye da kowa, sati na gaba kuma ki juya shi ya zama mai ƙi.