Tambaya da Amsa: Get mai rimot a ƙauye, zai hana sata kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni ina harkar riɗi da zoɓo a yankin Maigatari, ina da sito a bayan gari inda nake tara kaya kafin a yi lodi zuwa Dawanau. Bara an shiga cikin dare an kwashe min buhuna. To kwanaki naje wajen wani abokin harkata a Kano, muna cikin mota naga ya danna wani ɗan abu get ya buɗe da kansa, wallahi abin ya burge ni. In na saka irinsa zan iya sallamar maigadi? Kuma zai yi aiki a wajenmu da sai mu kwana uku ba mu ga wuta ba? Daga mai karatu a Maigatari.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar maka da mafi alheri. Tun kafin mu yi nisa, don Allah kar ka sallami maigadin nan. Injin get hannu ne kawai, ba shi da ido ba shi da kunne, aikinsa ya tura ya jawo, shikenan. Abokinka na Kano abin da ya saya shi ne hutun fitowa daga mota, kai kuma matsalarka daban ce. Ka fara tambayar kanka ta ina aka shiga bara? In katanga aka haura ko aka fasa bangon sito ta baya, to kuɗin nan a katanga da fitilar sola ya kamata ka zuba su. Kuma waye ya san ranar da kaya suka cika, ai ba aljani bane, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganar wuta ita ce mai sauƙi. Yawancin injinan da ake sakawa a gidaje da batir suke aiki, wutar gari caji kawai take yi. Misali na kamfanin Centurion na Afirka ta Kudu da ake samu a Najeriya, samfurin D5 batir mai bolt 12 gare shi kuma yana jan get har mai nauyin kilo 500, D10 kuma har kilo 1000. Ka haɗa masa farantin sola ka huta. Amma ka sani zafin yankinku na Afrilu da Mayu yana cinye batir da wuri, dole lokaci lokaci ka canza. Kuma ka sa ido kan nauyi, don masu waldarmu in ka ce a yi maka get mai ƙwari sai su narka ƙarfe kamar ƙofar banki, a ƙarshe a ɗora masa ƙaramin inji ya yi ta nishi har ya ƙone.

Tunda manyan motoci ke shiga wajenka, mai turawa gefe zaka saka ba mai ganye biyu ba, shi yana tafiya ne da tayoyi a kan wani dogon ƙarfe da aka binne a siminti, injin kuma yana da giya, wato wani ƙarfe mai haƙora da ke juyawa, mai kama haƙoran da aka yi wa walda a jikin get ɗin. To nan fa aikin yake, yashin Maigatari da ƙurar hunturu kullum sai sun cike hanyar tayoyin, da damina kuma taɓo, don haka tsintsiya ita ce babban makaniken, kullum a share. Kar wani ya baka shawarar lafta masa giris, ƙura ce zata manne ta zama kamar kwalta. Ni da idona na ga injin da aka buɗe aka samu ƙadangare ya soye a kan allon wutarsa, ga tururuwa ta yi gida, kai kuma ga riɗi na zuba a ƙasa, a toshe duk wata kafa.

Abu biyu ka dage sai an yi maka. A sa ƙarfen da zai tare get ta sama don kar ƙarti biyu su sa ƙarfe su ɗaga shi daga kan hanyarsa, sannan a yi wa injin keji da kwaɗo domin shi kansa abin sata ne. Akwai kuma ɗan makullin da ake sakin injin a tura da hannu in ya lalace, wannan a aljihunka zai zauna. Ka kuma tambayi wanda zai saka maka, in ya tsaya ranar Alhamis ana tsakar kasuwa daga ina mai gyara zai taso? In daga Kano ne to ka lissafa kuɗin motarsa.

TAMBAYA: Malam ina da gidan kaji kusa da Bichi da yara shida masu aiki, ƙwai na ɓacewa. An ce in saka na'urar dangwala yatsa a ƙofar ɗakin ajiya. Ya kake gani? Daga wata Hajiya.

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari. Na'urar tana da amfani ɗaya mai kyau, tana rubuta wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe. Sai dai yatsan mai aikin ƙarfi yakan goge ko ya yi kanta, ga dusa ga danshi, sai ta ƙi ganewa, ki tuna zaɓen 2015 yadda kad rida ta riƙa ƙin yatsun mutane har da na shugaban ƙasa na lokacin. Ni na'urar da ake buɗe ƙofa da kati zan baki shawara, kowa da nasa, wanda ya bar aiki ki goge katinsa ba sai kin canza kwaɗo ba. Mai danna lamba kam kar ki soma, kafin sati kowa a unguwar ya haddace. Amma kati ba ya ƙirga kiret, ki riƙa rubuta ƙwan da aka ɗebo safe da yamma a littafi, wanda ya ɗebo daban mai rubutawa daban.

TAMBAYA: Get ɗin ba zai matse yaro ko akuya ba? Gidanmu da yara. Daga Ringim.

AMSA: Zai iya, in an yi aikin ganin ido. Akwai wasu ƴan idanu biyu da ake kafawa a ginshiƙan get suna kallon juna, da wani abu ya gitta tsakaninsu sai get ya fasa rufewa. Wasu masu sakawa suna tsallake su don farashi ya sauka, kar ku yarda. Ranar da aka gama aiki a ajiye bokiti a tsakiya a danna rimot a gabanku kafin ku cika kuɗi, kuma a hana yara hawa jikinsa suna lilo.