Tankin burduddugi ba tankin kifi ba ne

Ka tambaye ni ko za ka iya ɗauko tankin kifin nan da ke ajiye a shago, ka cika shi da ruwa, ka jefa dutse ɗaya a tsakiya, ka miƙa wa mutumin da yake son kiwon burduddugi a gidansa. A'a, ɗana. Gilashin ɗaya ne, silikon ɗin da ake liƙa shi da shi ma ɗaya ne, amma mai zama a ciki daban ne. Kifi ba ya barin ruwa. Kwaɗo kuwa da huhu yake shaƙar iska, yana tsalle da ƙarfi, kuma ta fatarsa yake shan ruwa, ba da baki ba. Waɗannan abubuwa su ne za su faɗa maka yadda za ka yanka gilashi.

Kafin ka ɗauki awo, koma ka tambayi mutumin wane irin kwaɗo ne. Akwai ƙaton nan na Amurka, wanda asalinsa gabashin Amurka ta Arewa ne, tsawon jikinsa kan kai santimita 20, nauyinsa ya wuce rabin kilo. Shi ɗan ruwa ne na gaske. Akwai namu na kududdufi da fadama, mai idanu a can saman kai, wanda ake busarwa a kai kasuwa. Shi ma rayuwarsa kusan duka a ruwa take, tsari ɗaya zai yi musu. Sai kuma wani jibgege na kudanci da gabashin Afirka, mai ƙaton baki da wasu tsinaye kamar haƙora a muƙamuƙin ƙasa. Wannan mai tona rami ne, yana binne kansa a ƙasa watanni har ruwa ya sauka. In shi ne aka kawo, tankin ruwa zalunci ne a gare shi. Ƙasa mai laima yake so, da kwanon ruwa marar zurfi.

Mu ɗauka ɗan ruwan ne. Ga babba guda ɗaya, ba na yin ƙasa da santimita 120 a tsawo, 45 a faɗi, 50 a tsayi, kuma in mai kaya yana da wuri da kuɗi, a ƙara tsawon. Ruwa ya ci kashi uku cikin huɗu na shimfiɗar, zurfinsa kamar santimita 25, yadda zai nitse gaba ɗaya ya yi iyo. Yi lissafin da kanka: 120 sau 45 sau 25 ya ba ka lita 135, kowace lita kilo ɗaya. Saboda haka gilashi mai kaurin milimita 8 zuwa 10 za ka sa, teburin kuma na ƙarfe, da soso ko katifar roba a tsakaninsu. Silikon ya zama tsantsa na tankin kifi. Wanda ake liƙe bayan gida da kicin da shi akwai maganin funfuna a ciki, kuma wannan maganin guba ne ga kwaɗo.

Tudun da zai hau, ni na fi son faranti na gilashi ko roba mai kauri da aka liƙa a gefe ɗaya daidai fuskar ruwa, da gangara mai kaushi da zai taka ya hau. Ƙarƙashinsa ya zama maɓoya, ruwan kuma bai ragu ba. Masu tara tsakuwa a kusurwa su ce sun yi tudu, rumbun ƙazanta suka gina. Tsakuwa ma gaba ɗaya ka bar ta. Burduddugi ba ya duba abin da ya cafko, yakan haɗiye tsakuwar tare da abinci, ta toshe masa hanji. Ko dai a bar ƙasan tankin fayau, wanda ya fi sauƙin wanki, ko a sa duwatsu masu santsi da suka fi kansa girma.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Wannan dabba matsoraciya ce, kuma tsallenta ɗaya kan wuce mita guda. Ba ta san gilashi ba. Da an buɗe ƙofa ko yaro ya gifta da gudu, sai ta zabura ta daki bango da hanci. Yau da gobe hancin ya saɓule, gyambo ya kama, cuta ta shiga. Ganin kwaɗo da ɗanyen hanci yana ɓata mini rai ƙwarai, domin laifin magini ne, ba na kwaɗon ba. Rufe baya da gefe biyu daga waje da fenti mai duhu ko takarda, ka bar gaba kaɗai. Zuba masa kainuwa ta yi masa rumfa a kan ruwa, bayan ka wanke ta sosai. Kwaɗon da yake da wurin ɓuya ba ya yawan zabura. Murfi kuma na raga mai laushi, don iska ta shiga, da sakata a gefe biyu. Murfin da aka aza kawai, da kai zai ture shi cikin dare, a tsince shi a bayan kujera ya bushe.

Sai ruwa, wanda shi ne rabin aikin. Burduddugi mai ci ne, mai ci kuwa mai kashi ne, ƙazantarsa ta fi ta kifaye da yawa a haɗe. Ita take zama amoniya, wani sinadari mai guba, amoniyar kuma ta fatarsa take shiga. Ruwa ba ya tsami banza: in ka ga cinyoyinsa da cikinsa sun yi ja, ya daina ci, ka fara tuhumar ruwan, sannan a nemi likitan dabbobi da wuri. Sa filta, wato na'urar tace ruwa, wadda aka yi wa tankin da ya ninka naka, amma ka karkata bakinta ga bango, domin shi ɗan ruwan kwance ne, ba ya son igiyar ruwa. Duk mako a zuƙe rubu'in ruwan da tiyo daga ƙasa a zuba sabo. In an ɗauke wuta ta daɗe, ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya a cikin filta suna mutuwa, don haka gidan da ba sola ba inbata, sai a riƙa canjin sau biyu a mako. Ruwan famfo a kwanar da shi kwana ɗaya ko biyu a buɗe kulorin ya fita, in an sami maganin cire kulorin na masu kifi ya fi. Sabulu da omo kada su kusanci tankin.

A ƙasashen sanyi abin ɗumama ruwa suke nema. Mu nan zafi ne abokin gaba. Ruwan ya tsaya tsakanin digiri 21 zuwa 26. A watan Afirilu a Kano ko Sakkwato, inda zafi kan haura 40, tankin da ke bakin taga tukunya ce a kan murhu. A sa shi a ɗaki mafi sanyi, da fanka tana kaɗa fuskar ruwa, da ma'aunin zafi a liƙe. Ka kuma gaya wa mai gidan ƙarara: ɗakin da kwaɗo yake, ba a fesa maganin sauro, ba a kunna na hayaƙi.

Zai tambaye ka abinci, don haka ka sani. Tana, gyare, kyankyason da aka kiwata, ƙananan kifi jefi-jefi, sau biyu ko uku a mako ga babba, ana barbaɗa garin kalsiyam don kada ƙashinsa ya yi laushi. Farar gonar da aka yi wa feshi ba a ba shi. Kuma shi kaɗai zai zauna, domin duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne, har ɗan'uwansa. In na Amurka ne kuma fatar kunnensa ta fi idonsa girma, namiji ne, a shirya jin ruri cikin dare. Mai gidan ya wanke hannu kafin taɓa ruwan da bayansa, saboda cutar salmonela, musamman gidan da ke da yara.

In baƙon na Amurka ne, sa mai gidan ya yi maka alkawarin ba zai taɓa sakinsa a kududdufi ba ko ya gaji da shi. A hannun mai kula yakan wuce shekara goma. Inda aka sake shi a duniya ya cinye kwaɗin gida, ya kuma yaɗa musu cutar fata mai kisa, har Tarayyar Turai ta hana shigo da shi tun 1997.

Gobe ka yanko gilashin, ka goge bakunansa da dutse. Bayan liƙi a bar silikon ya yi mako, sannan ka cika tankin a tsakar gida ka shimfiɗa takarda a ƙarƙashi mu ga ko zai yi yoyo. Ka faɗa wa mutumin filta za ta yi mako huɗu zuwa shida tana aiki, ana ɗan jefa abincin kifi a ruwan don ƙwayoyin halittar nan masu cinye amoniya su hayayyafa, kafin kwaɗon ya shiga.