Zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa: ki fara da gwaji, 'yar uwa

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Tun da safe na ga tambayarki, sai yanzu da yara suka kwanta na samu zama. Kin ce yau wata biyu ke nan zazzaɓi yana kama ɗanki mai shekara biyu, in an karɓo magani a kemis ya sauka, bayan sati biyu ya dawo. Hajiyar maigida ta ce haƙori ne, shi kuma maigidan ya ce a halin da ake ciki babu kuɗin asibiti. Kina tambaya ko ki canza kemis, ko ki sa a yi masa allura. Don Allah kada ki yi ko ɗaya. Ki kai shi a gwada jininsa.

Abin ya faru a gidana a daminar 2023. Lokacin an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin adaidaita sahu ya ninka, cefane ya gagari mutane. Autata tana da shekara biyu da 'yan watanni. Duk sanda jikinta ya yi zafi, sai babanta ya biya wani kemis a unguwarmu ya ce a haɗa masa na yara daidai kuɗin da ke aljihunsa. Sai a yanko ƙwaya biyu ko uku a ƙulla a leda. Ni kuma da na ga ta tashi tana wasa sai in ajiye ragowar, wai saboda gaba. Sau uku muna haka.

A karo na huɗu ta ƙi abinci, ta ƙi wasa, sai barci. Wata maƙwabciyata da ta taɓa aikin asibiti ta shigo aron turmi, ta tsaya ta kalle ta, ta buɗe tafin hannun yarinyar ta ɗora kusa da nawa. Fari fat. Ta ja fatar idonta ta ƙasa, nan ma babu ɗigon ja. Ta ce, "Maman yara, ɗauko mayafinki, yarinyar nan ba ta da jini." A daren aka yi mata ƙarin jini, babanta ne ya bayar. Kwana biyar muka yi a gadon asibiti, abin da muka kashe kuwa ya ninka kuɗin gwajin da muke gudu sau da yawa, har 'yan kunnena sai da na sayar. Likita ya yi mana bayani cewa ƙwayar maleriya jajayen ƙwayoyin jini take shiga ta farfasa, rabin magani kuma kwantar da ita kawai yake yi, ta ci gaba da cin jinin yaro a hankali yana yawo a tsakar gida.

Gwajin nan ɗan tsire yatsa ne, a ɗiga jini a kan 'yar roba, cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. Ana yin sa a ƙananan asibitocin unguwa, wani wurin kyauta, wani wurin da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Amma ki gaya musu gaskiya cewa ya sha magani sati biyu da suka wuce, domin wannan gwajin yakan ci gaba da nuna maleriya har makonni bayan an warke. Saboda haka wataƙila su ce a duba jinin a madubin likita, ki yarda. Ki roƙa su auna yawan jininsa. In kuma ba ku taɓa yi masa gwajin sikila ba, wannan ne lokacin. Ba duk zazzaɓi ne maleriya ba, akwai ciwon kunne, akwai na fitsari, akwai limoniya, kuma maganin maleriya ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

In ta tabbata maleriyar ce, maganin da aka fi bayarwa irin su Coartem ne, sha shida a kwana uku. Na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran safe da dare. Da nauyin yaro ake ƙayyade yawan ƙwayar, don haka ki bari a ɗora shi a sikeli. Ki ba shi da nono ko madara ko abinci mai ɗan maiƙo, ya fi shiga jiki. In ya amayar nan take, a sake ba shi. Ko ya tashi yana guje-guje a rana ta biyu, ki ƙarasa shida ɗin nan cif. A nan ni na yi kuskure.

Maganar Hajiya kuwa, kada ki yi musu da ita. Ni ma tawa haka ta ce, kuma don ƙaunar jikarta ta faɗa. Haƙori yakan sa dalalar miyau da rigima da ɗan ɗumin jiki, amma ba ya kawo zazzaɓin da zai kwantar da yaro yana rawar sanyi. Ki ce mata, "Hajiya, mu je ki raka ni a duba shi, in haƙorin ne hankalinmu ya kwanta." Tawa da ta ji bayani daga bakin nas da kunnenta, yanzu ita ke tuna min lokacin magani. Maigida kuma ki same shi bayan ya ci abinci ya huta, ki lissafa masa abin da aka kashe a kemis cikin wata biyun nan. Ni ba na ganin laifin mazanmu, tsadar magani ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, kuma abin yana min ciwo a ce ƙasar da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, uba yana tsaye gaban kanta yana cewa a yanka masa rabi.

Kada ki bari masu rabon maganin rigakafin maleriya na damina su wuce gidanki. Gida-gida suke bi duk wata, suna ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Su ke ba da na ranar farko, ke ki ba da na kwana biyun da suka rage. Da can ina cikin masu cewa "baban ba ya nan", yanzu ni ke leƙa ƙofa in ji ko sun shigo layinmu. Allurar rigakafin maleriya ma an fara ta a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, ki tambaya in kin je ko ta iso wajenku. Gidan sauro kuma a ɗaura shi kullum, ko ana zafi.

In kin ga ya fara jijjiga, ko yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko ya kasa sha, ko numfashinsa na sama-sama, ko barcin da ba ya tasuwa, ko fitsarinsa ya yi baƙi, kada ki jira gari ya waye. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, ki kwantar da shi ta gefe ku nufi asibiti. Yanzu ma kafin ki kwanta ki haska tocila ki duba tafin hannunsa da cikin idonsa. Allah Ya ba shi lafiya. Gobe in kun dawo ki gaya mana abin da gwajin ya nuna, ina jira.