Kada ka sa garma a filin gambar nan

Tambaya: Malam, gonata jigawa ce mai gangare, duk damina sai ruwa ya yanke ta ya tafi da taki. Daga samanta akwai wani fili na gado da ba a taɓa nomawa ba, duk gamba ce da kyasuwa. Ina so in kafce shi in ƙara gona. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, in ta tawa ce, ka bar shi. Ciyawar nan ce ke rage wa ruwan ƙarfi kafin ya iso gonarka, ranar da ka tumɓuke ta kuwa kwari zai buɗe.

Amurkawa sun riga mu shan wannan wahala. Tsakiyar ƙasarsu dā fili ne na ciyawa iya ganinka, suka bi shi da garma. Da aka yi fari a shekarun 1930, iska ta riƙa kwashe ƙasar noma, har ranar 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta mai da rana dare a jihar Okalahoma. A jihar Ayowa, ciyawar asali da ta rage ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Yanzu da kuɗinsu suke dawo da ita. Masanan Jami'ar Jihar Ayowa sun gwada tun 2007: in aka ba ciyawar kashi 10 cikin 100 na gona, layi-layi, ƙasar da ruwa ke kwashewa takan ragu da kusan kashi 95.

Kai ga irin nan a hannunka kyauta. Idan damina ta kankama, wajen Yuli, ka haƙo gindin gamba da saiwarsa, ka tsattsaga, ka datse ganyen ya rage kamar kamu ɗaya. Ka dasa a gonarka kusa da kusa a layin da ya gitta gangaren, ba wanda ya bi shi ba. Shekarar farko ka kare ta daga dabbobi. Bayan nan ga abincin shanu, ga zana, kai ma ka san kuɗin zana yanzu. Sai dai ka jira iri ya zube kafin ka sa lauje.

Tambaya: To ƙona ta fa? Mu haka muka taso muka gani.

Amsa: Wutar ƙarshen rani ce mai ɓarna, don tana barin ƙasa tsirara ruwan farko ya wanke ta. In ya zama dole, ka ƙona farkon kaka ciyawa na da sauran danshi, da yamma iska ta kwanta, bayan ka share kewaye ka kuma sanar da maƙwabta.