Sai ka nemo ƙafarka tukuna

Ƙanina, saƙonka na uku ke nan a wata guda, kuma duk zancen ɗaya ne: "Yaya, in jami'a ta ba ni gurbi ai shi ke nan ko?" Ina fa! Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Farkon zuwana Ingila akwai wata magana da Turawa suka ishe ni da ita, wai "find your feet". In ka bi ta kalma-kalma, cewa suke ka nemo ƙafafunka. A raina nakan ce, ƙafar da ke jikina ina ta je da zan neme ta? Sai Disamba ta ba ni amsa. Na fito da asuba zan kama bas, titi baƙi wuluk yana ƙyalli kamar an wanke, ashe siririyar ƙanƙara ce ta lulluɓe shi. Takalmin Sallah da na taho da shi daga Kano kuwa tafinsa sumul. Taku biyu, sai ji na kawai a ƙasa tim! Wani dattijo ne ya ɗaga ni, ya nuna mini gefen da aka barbaɗa gishiri, ya ce nan ake bi. Sati biyu na yi ina ɗingishi.

Abin da suke nufi shi ne abin da mu muke kira samun gindin zama, kuma wannan santsin ya fi na ƙanƙara kā da mutum. Kafin biza sai kuɗin zaman wata 9 sun kwana 28 a asusunka ba ka taɓa ba, ga na makaranta, ga fam 776 na lafiya kowace shekara. Ka sauka, doka ta ce awa 20 kawai za ka yi aiki a mako in ana karatu. Duk wanda ya ce maka da wannan za ka biya makaranta har ka aika gida, yaudararka yake. Kuma tun Janairun 2024 mai karatun digiri na biyu, in ba na bincike ba, ba ya tahowa da iyali, don haka zancen amaryar nan taka a jingine shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai haya ce. Masu gida uku suka ƙi ni don ba ni da mai tsaya mini. Wata huɗu ina kwana a falon wani ɗan garinmu, ina naɗe bargo kafin yaransa su tashi. A lokacin 'yan gida na ta cewa na samu duniya na manta da su.

Sai a shekara ta uku na biya haya ban ci bashin kowa ba, kuma da gumina, alhamdu lillahi. In har yanzu kana kan bakanka, turo mini lissafin abin da ke hannunka da fam, ba da naira ba. Takalmi kuma kada ka saya a can, ni zan saya maka a nan.