Hayaniyar da ka ji a gidana ran Lahadi

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce da ka kira ni ka ji falo ya kaure kamar ana rabon gado, ana ta ambaton Lamar da Flacco da miliyoyin daloli, har ka ɗauka wani namu ne ya faɗa rikicin bashi. Kwantar da hankalinka, ƙwallon Amurka muke kallo, wadda ake runguma a ƙirji a sheƙa da gudu, kuma musun da ka ji ya girmi wasu yaran da ke zaune a wurin.

Mu nan yankin Baltimore, daga Satumba zuwa Janairu, Lahadi ta ƙungiyar Ravens ce. Gida-gida muke zagayawa. Wanda karɓar baƙi ta faɗo kansa ya gasa tsire a bayan gida, uwargida ta yi masa da miyar taushe, a yi sallah a hutun rabin lokaci. Da muka zo ƙasar nan ba ma gane komai a wasan, 'ya'yanmu ne suka koya mana, mu kuma muka riƙe shi saboda shi ke zaunar da su wuri ɗaya da mu.

Wanda ake musu a kansa shi ne kwatabak, madugu uban tafiya. Shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, shi ke yanke ko ya jefa, ko ya miƙa, ko ya ruga da kansa. Kada ka auna da Real Madrid, inda mai kuɗi ke sayen wanda ya ga dama. A NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, an ƙayyade wa kowace ƙungiya abin da za ta kashe a albashi. A 2023 dala miliyan 224.8 ne. Duk lomar da madugu ya ƙara, daga kwanon abokansa aka ɗebo. Sannan ba duk kuɗin da aka rubuta a kwantiragi ake biya ba. In ka karye ko ka tsufa, a sallame ka, abin da aka lamunce maka kaɗai za ka tafi da shi.

Dattawanmu da madugu Trent Dilfer suke buɗe baki. Ya ci wa Ravens kofin Super Bowl, babban kofin gasar, a Janairun 2001, sun lallasa New York Giants da 34 da 7, amma ko sabunta masa kwantiragi ba a yi ba. Aka kawo Elvis Grbac, ya yi kaka ɗaya ya yi ritaya.

Joe Flacco kuwa kasada ya yi. Kafin kakar 2012 aka yi masa tayi, ya ce albarka. Ya shiga shekararsa ta ƙarshe ba tabbas, ya kai su har New Orleans, suka doke San Francisco da 34 da 31 a Fabrairun 2013. Cikin wasanni huɗun ƙarshe, jifansa 11 suka zama ci, ba ko ɗaya da abokan gaba suka cafke. Ya dawo teburin ciniki yana taƙama, aka ba shi dala miliyan 120.6 na shekara shida. Ba a rufa wata ba aka tura Anquan Boldin, mai cafke masa ƙwallo, zuwa San Francisco ɗin da suka doke, saboda ya ƙi a rage masa albashi. Cikin kaka biyar da suka biyo baya, sau ɗaya kacal suka kai zagayen neman kofi. Har yau wani dattijonmu, tsohon direban tasi, in ya ji sunan Flacco sai ya ce, "Yaron nan ya cinye tuwon gida shi kaɗai."

Na Lamar Jackson ne ya raba mu da 'ya'yanmu. Shi ba ya da wakili, da kansa yake ciniki, mahaifiyarsa na taya shi. A 2022 Cleveland ta lamunce wa Deshaun Watson dala miliyan 230 cif, shi kuma Lamar, da ya zama gwarzon NFL a 2019, yana ganin bai gaza Watson ba. Ciniki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A Maris 2023 ya fito a Twitter ya ce ya nemi a sake shi ya koma wani wuri. Dattawa suka ce butulci, yara suka ce haƙƙinsa. Ƙarshen Afrilu aka daidaita kan miliyan 260 na shekara biyar, 185 a lamunce, kuma a kakar 2023 ɗin ya sake zama gwarzo.

Na san abin da zai ba ka mamaki: a gida ko yayanka ba ka tambayarsa albashinsa, nan kuwa na ɗan ƙwallo a jarida ake bugawa, yaro ɗan shekara goma ya hardace shi. Ni dai bayan Lamar na tsaya, duk da furfurata. Na yi shekara shida ina ɗaukar kaya a wani sito, da bayana ya riƙe, takarda ɗaya aka miƙo min tare da godiya.

In za ka sake kira ran Lahadi, yi kafin ƙarfe shida agogonku. A gaishe min da Inna.