Waken soya na gyara ƙasa, amma sai an bar masa abin da zai gyara da shi

Malam, ka ce bara ka noma waken soya, bana ka sa masara a wurin ba ka zuba taki ba saboda an ce maka waken ya riga ya yi aikin taki, sai ga masarar ta yi rawaya tun tana gwiwa. Ba ƙarya aka yi maka ba, rabin magana aka faɗa maka.

Wake, gyaɗa, gujiya da waken soya ba da ganye suke jawo sinadarin naitirojin ba, wato abin da muke saye a buhun yuriya. Wasu ƙwayoyin halitta ne ke shiga saiwarsu, su yi ƴan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa, a ciki suke kama sinadarin daga iska su ba shukar. In babu ƙullin, ko yana nan amma ba ya aiki, waken ci yake daga ƙasarka kamar kowace shuka. Gane wannan ba wuya. Sati biyar zuwa shida bayan shuka, lokacin fure, ka haƙo gindi biyar daga wurare daban-daban da fartanya. Kada ka fizgo da hannu, ƙullin zai tsinke ya zauna a ƙasa. Wanke saiwar, ka fasa ƙulli da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar nama, aiki yake. Fari ko kore, zaman banza yake.

Abin da ya fi hana shi aiki a ƙasarmu ƙarancin fosfaras ne. Maganinsa takin supa, buhu biyu zuwa uku a hekta, a sa lokacin huɗa ko ranar shuka, gefe da iri kaɗan. Ga mai gyaɗa ma riba biyu ce, domin supa na ɗauke da kalsiyam da ke rage ƙwanso marar ƙwaya. Masu watsa wa waken soya yuriya don ya yi kore shar kuwa ɓarna suke: in shukar ta sami naitirojin a ɓagas, sai ta daina ciyar da ƙullin. Kwanciyar ruwa ma tana kashe shi, don haka fadamar da ke riƙe ruwa ba wurin waken soya ba ce.

Gonar da ba ta taɓa ganin waken soya ba tana son a cuɗanya irin da garin ƙwayoyin nan, kamar Nodumax na cibiyar binciken noma ta IITA. Leda mai giram 100 na isar iri kamar kilo 10. A ɗan jiƙa irin da ruwan ƙaro ko ruwan sukari, a barbaɗa garin, a juya har kowace ƙwaya ta yi baƙi, a shanya a inuwa, a shuka a ranar cikin danshi. Abu ne mai rai. Ledar da ta wuni a rana a teburin kasuwa ta mutu.

To, ko da duk wannan ya yi daidai, sai mu duba ina sinadarin ya tafi. Mafi yawansa yana cikin ƙwayar da ka kai kasuwa. Sauran yana cikin kara da ganye, su kuma an tuge su an kai masussuka, bayan an casa aka cinna wa ɓuntun wuta. Gyaɗa da wake ma haka: an ɗaure harawa an ɗora a rufin ɗaki ko an sayar. Me ya rage a gona? Saiwa da ɗan ganyen da ya zube. Ba wanda zai ce ka bar harawa ta ruɓe alhali tumaki na jira da rani, amma takin da suka yi ya koma gonar da aka ɗebo harawar, ba gonar bayan gida ba kullum. Waken soya kuma a yanke shi da lauje a bar saiwar, ɓuntun a mayar a baza.

Game da masarar bana, in ba ta fitar da kai ba, yi mata yuriya yanzu: a tona rami gefen gindi kamar tsawon yatsa, a zuba a rufe, ƙasa na da danshi. Nan gaba, masarar bayan waken soya ka ba ta NPK ɗinta na farko cikakke, a yuriya ta biyu ce za ka iya ragewa, gwargwadon yadda ka ga launin ganye.

Ribar da aka fi gani da wuri ma a ƙuduji take. Saiwar waken soya na sa irin ƙudujin ya tsiro, ya rasa dawa ko masarar da zai kama, ya mutu. Amma kada ka maimaita farin wake shekara bayan shekara a wuri ɗaya, yana da nasa ƙudujin daban. In haɗawa za ka yi da dawa, layi biyu na dawa da huɗu na wake ya fi cusa shi a ƙarƙashin dawa, inda inuwa ke hana shi yin ƴaƴa.